Kyamarar da ta fi son kifi

Surukina Nasiru ya ɗauki abokina Malam Bawa hoto a bakin gulbin Argungu da sabuwar kyamararsa mai saita kanta. Giwan ruwan da Bawa ya rungume ya fito tar, fuskarsa dishi-dishi. Aka sake, haka dai. Ga ɗan Bawa can Legas yana jiran hoton, don ya yarda tsohon ya warke.

"Baba, ita ke zaɓen abin da ya fi muhimmanci," in ji Nasiru.

"Wa ya gaya mata? Yaushe ta san Bawa?"

Na ciro tsohuwar kyamarata, na murza gilashinta da hannu har idon Bawa ya fito.

Ni dai abin da zai zaɓa mini wanda zan duba, ban yarda da shi ba. Ku fa?