Irin dawar da na kai wa surukina

Har in koma ga Allah ba zan manta da daminar da na kai wa surukina irin dawa ba. Lokacin ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonakinsu a ƙasar Maradun, an tashe su zuwa sabon matsuguni a kan tudu, ɗan hatsin da suka fito da shi kuwa sun cinye har da na iri. Ni ina Bakura, sabon ango, ina neman abin da zan yi in burge.

Na buɗe rumbu na zaɓi dawa fara tas, na ɗora a keke na kai masa. Bayan doguwar gaisuwa, ina durƙushe, bakina ya kufce na ce, "Baba, wagga dawa babu irinta duk Bakura." Tsohon ya sa albarka, har ya ɗibar wa maƙwabta biyu.

Shuka ta tashi kore shar, kara ya yi kauri, mutane na tsayawa kallo. Ni kuwa kaina ya kumbura. Da ta fid da kai na koma in sha yabo. Na tarar da tsohon tsaye a tsakiyar gona. Ya kamo zangarniya ɗaya ya murza, sai baƙin gari ya zubo masa a tafi kamar kunkunniya. Burtuntuna ce, ta ci fiye da rabin gonar. Maƙwabtan nan suna gefe suna kallo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga baya wani malamin gona ya bayyana mini cewa wata irin fumfuna ce da ke manne da iri. Tun tsiro take shiga jikin shuka, ta zauna a cikin kara tana girma tare da shi, ba a ganin alama sai a zangarniya. Da an gauraya irin da magani, da ba ta kama ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne maganar tsohon. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ɗana, mi za ka sunkuyar da kai? Abin da kag gani mai kyau shi ka kawo muna."

Shekarar nan da hatsin taimako suka kai rani, ni kuma na daɗe ban iya haɗa ido da kowa a garin ba. Tun daga nan na koyi cewa kyawun ido ba shaida ba ne, kuma ban sake yabon iri ba sai na ga abin da ya haifa.