Yadda Malam Dalhatu Ya 'Yanta Ƙauyuka

Dalhatu ɗan garin Cadawa ne, ya ɗan taɓa lakol, wato makarantar boko, aka ɗauke shi mai buga tafireta a wani buro, wato ofishin gwamnati. Shekarar da aka sami 'yancin kai ya fi kowa zumuɗi, har hular Nasara ya jefa a rijiya.

Wata rana aka ba shi takardar ƙidayar dabbobi ya sake bugawa. Sunayen ƙauyuka sun jeru daga sama zuwa ƙasa, shanu da jakuna kuma a gicciye. Dalhatu ya duba, ransa ya ɓaci.

"Wannan aikin mulkin mallaka ne," in ji shi ga shugaban buron. "Don me za a ɗora wani ƙauye bisa kan wani? Yanzu kowa daidai yake, ranka ya daɗe!"

Sai ya jera ƙauyukan kafaɗa da kafaɗa a sama, ya sauko da dabbobin gefe. Lambobin kuwa bai taɓa su ba.

A takarda, shanun rugar Gidaɗo suka koma jakunan Garin Tala. Aka umarci maigarin ya kawo jakuna ɗari uku su yi jigilar gyaɗa, alhali bakwai gare su, ɗaya ma gurgu. Masu allurar shanu kuma suka isa ruga da maganin shanu bakwai, suka tarar da garke ya cika fadama.

Aka ƙara wa Dalhatu girma saboda kishin ƙasa. Har ya tsufa yana cewa shi ya kawo canji. Bai yi ƙarya ba: sunaye sun sake wuri, lambobi na nan inda Nasara ya bar su.