Ta Sauko Daga Jirgi, In Ji Auta

Auta ake kiransa har yau, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gemunsa, babbar 'yarsa kuma ta kusa gama sakandare. Shagonsa na wanki da guga yana ƙarshen layi, tsakanin mai gyaran waya da wata mata mai sayar da zare da maɓallai. Ɗaki ne ɗaya mai tsawo. Da ka shiga, ƙamshin sitaci da tururi ne zai fara tarbarka, sai teburin guga da aka lulluɓe da tsofaffin barguna, sai riguna a rataye kafaɗa da kafaɗa kamar masu jiran mota. A sama, kan kantar shagon, akwai ƙaramar talabijin da na'urar faifai. A gabanta kuma wata kujerar katako mai hannu, wadda ba mai zama a kanta sai Yaya.

Yaya ne ya raine shi. Mahaifinsu ya rasu Auta yana rarrafe, Yaya kuwa ya riga ya zama saurayi yana koyon aikin kafinta. Shi ya sa shi a makaranta, shi ya zane shi da ya gudu daga makarantar, shi ne kuma ya haƙura ya kai shi wajen mai wanki da ya ga karatun ba ya zama. Auta ya iya aikinsa. Ba ya yi wa riga layi biyu, ba ya haɗa kayan wani da na wani, kuma duk abin da ya tsinta a aljihu yana mayar wa mai shi, ko da tsinken sakace ne. Mutanen layin sun shaide shi da gaskiya, wannan shaidar ce ma take ƙara masa nauyi a ƙirji.

Akwai wani darakta da kowa ya san finafinansa, wanda Yaya ya ɗauka tamkar ɗan gidansu, alhali ko a hanya ba su taɓa haɗuwa ba. Finafinansa na farko Yaya da idonsa ya kalle su. Daga baya yanar ido ta fara rufe masa idanu, ɗaya bayan ɗaya, har ya ajiye zarto da guduma. An ce a yi masa aiki, ya ce shi ba mai kusantar idonsa da wuƙa. Matarsa ta rasu, gida ya yi masa faɗi, sai ya koma wuni a shagon ƙaninsa. Daraktan kuwa bai daina fitar da finafinai ba, kuma yana da wani hali da ba ya taimakon mai larurar ido: ba ya son surutu. Sai a daɗe ba wanda ya ce uffan, musamman a ƙarshe, iska ce kawai ko wani siririn kiɗa. Saboda haka Auta ya zama idon Yaya. Hannunsa na kan dutsen guga, idonsa na kan talabijin, bakinsa na aiki.

"Ya shigo ɗaki, Yaya. Ya tsaya. Yana kallon takalminta."

"Wane iri ne?"

"Ja, mai maɗauri."

"Ka gani ko? Mutumin nan ba ya ajiye abu a banza."

Abin ya fara ne da fim ɗin jirgin ƙasa. Labarin wata malama ce da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa, da mijinta mai taurin kai, wanda ya ƙi binta, ya kuma ƙi buɗe baki ya ce kar ta tafi. An zo tasha, ta shiga jirgi, shi yana tsaye a ƙasa. Daidai nan Auta ya ji ƙauri. Rigar siliki ce ta wata mata mai faɗa, dutsen ya fara kama ta. Ya ɗage shi da sauri, ya yayyafa ruwa, ya hura, ya juya ta a haske. Da ya ɗago kai, sunaye ne ke hawa a talabijin.

"Auta, na ji jirgi ya tashi. Me ya faru?"

Da ya ce bai gani ba, da shi ke nan, a mayar da faifai baya. Amma Yaya ya miƙo wuya, bakinsa a buɗe kamar yaro.

"Ta sauko," in ji Auta.

"Ta sauko?"

"Ta ƙofar baya. Jirgi ya wuce, sai ga ta tsaye a ɗaya gefen da akwatinta. Tana dariya, tana kuka."

Mutumin da ko a jana'izar matarsa ba a ga hawayensa ba, sai ga shi yana share fuska da hular kansa.

Bayan 'yar Yaya ta zo ta tafi da shi gida, Auta ya mayar da faifan. Malama ba ta sauko ba. Mijin ya tsaya har tasha ta watse, ya koma gida, ya zuba abinci a kwano ɗaya, ya zauna yana kallonsa. Auta ya ce a ransa gobe zai gyara maganar. Da goben ta zo, tun daga bakin ƙofa Yaya ya ɗaga sandarsa.

"Na kwana ina tunani. Na jirgi shi ne na ɗaya. Duk sauran su biyo baya."

Ƙarya kuwa ba ta son kaɗaici. Da fim ɗin mai gadi ya fito, wanda ɗansa ya ɓata a kasuwa, Auta ya ga inda aka dosa, ya dubi fuskar Yaya, sai ya dawo wa mai gadi da ɗansa a bayan motar itace. A na 'yan'uwa biyu da suka raba shagon ubansu da bango, shi ya rushe bangon da bakinsa. Abin da ya fi ba shi kunya shi ne ya gano ya iya, kuma yana jin daɗi. Wani lokaci yana wanki a bayan shago sai ya kama kansa yana shirya ƙarshen fim ɗin da ba a ma fara ba.

Jerin Yaya ya zauna daram, yana karanto shi ga duk wanda ya kawo wanki, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Na jirgi, sai na mai gadi, sai na 'yan'uwa. Tsofaffin da ya gani da idonsa, waɗanda a da yake rantsuwa da su, duk suka gangara ƙasa.

"Da yana yaro zuciyarsa dutse ce," in ji Yaya. "Da ya manyanta sai ya koyi tausayi. Haka ɗan Adam yake."

Auta ya fesa wa wando ruwa, ya ci gaba da guga.

Yaya yana da aboki tun na ƙuruciya, tsohon direban bas, wanda kowa ke kira Direba. Kullum da la'asar zai leƙo, ya zauna a kan buhun wanki, su yi ta tsokanar juna. Wata rana jikansa ya nuna masa fim ɗin jirgi, ya zo da zafinsa.

"Kafinta, wai wannan ne na ɗayanka? Fim ɗin da mace ta tafi ta bar mutum da kwano?"

"Wane kwano? Ai ta sauko."

"Ta sauko ina?"

"Ta ƙofar baya. Kai dama ka saba, ko a silima da an kashe fitila sai munshari."

"Ni da idona biyu na gani!"

"Idon naka biyu da ka zuba bas a kwata da su?"

Mai gyaran waya da ya leƙo ya tuntsire da dariya. Direba ma ya yi 'yar dariya, amma bai saki ba.

"Wallahi, Kafinta, ba ta sauko ba."

Rantsuwar ce ta ɓata wasan. Yaya ya buga sanda a ƙasa. "Don ka ga ba na gani shi ne za ka raina mini hankali har da saka sunan Allah? Tsofai-tsofai da kai kana ƙarya? Auta, faɗa masa."

Su biyun suka juyo. Auta yana kan wuyan wata farar riga. Ya bi ta da dutse, ya sake bi, ko da yake ta riga ta kwanta.

"Ta sauko," ya ce.

Direba ya daɗe yana kallonsa, kallon da ba faɗa a ciki. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe. "To. Ni ne maƙaryacin. Allah ya huci zuciyarka, Kafinta."

Bai ƙara zuwa ba. Wankinsa ma ya canza masa wuri. Auta kan hango shi yana wucewa ta ɗaya gefen titi cikin rigar da aka yi wa gugar ganin dama, hannu ɗaya da layi biyu, sai ya ji kamar ya bi shi ya karɓo ta. Yaya kuwa da la'asar ta yi sai ya riƙa karkata kunne wajen ƙofa, in ya ji takun wani ne daban sai ya ce a ƙara sautin talabijin.

'Yar Yaya ce ta ci galaba a kansa daga ƙarshe. Ta haihu, ta ɗora masa jaririn a cinya, ta ce, "Baba, haka za ka yi ta shafa shi kamar kana auna katako? Ba ka son ka ga hancin da ya gado?" Ya ce a kai shi asibitin.

Kowa ya yi murna. Auta ma ya yi, har ga Allah ya yi. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wani abu da ba ya iya gaya wa ko matarsa. Ranar da aka ce likita ya yi tafiya an ɗage aikin, sai ya ji numfashinsa ya sauka, ya ji sanyi a ransa. Ya tsaya cak a tsakiyar shago. Mutumin da ya goya shi, ya ciyar da shi, shi ne yau Auta yake jin daɗin an ƙara masa kwana cikin duhu? Ya shiga bayan shago ya zauna a kan bokiti, ya daɗe bai fito ba. Har ya taɓa ɗauko faifan fim ɗin jirgi ya riƙe shi kusa da dutsen guga, ya ji ya fara ɗumi a yatsunsa, sai ya mayar da shi gidansa.

A bencin asibiti, suna jiran a kira su, ya tattaro ƙarfin hali. "Yaya, game da finafinan nan..."

"Ai su nake tunani," in ji Yaya. "Bayan jikana, fuskar malamar nan nake son gani lokacin da ta sauko. Yadda ka ce tana dariya tana kuka. Ka san ban taɓa ganin mutum ya haɗa su biyun ba?"

Aka kira su.

Aiki ya yi kyau. Ido ɗaya aka fara yi, shi ma ya wadatar. Yaya ya ga jikansa ya ce hancin nasu ne. Ya ga Auta ya ce, "Kai, wa ya ba ka izinin tsufa?" Da likita ya yarda ya kalli talabijin, ya zo shago da ƙafarsa, da baƙin tabarau, ya zauna a kujerarsa.

"Sa mana na ɗaya."

Auta ya sa. Ya kashe dutsen guga, abin da bai taɓa yi ba da rana tsaka, ya tsaya jikin bango. Fim yana tafiya, Yaya yana gyaɗa kai. "Ga jan takalmin. Yadda ka faɗa." Aka zo tasha. Malama ta shiga. Jirgi ya ja, ya wuce, ɗaya gefen ba kowa sai wani kare. Yaya ya matso gaba a kujera yana jira. Mijin ya koma gida, ya zuba abinci a kwano ɗaya. Sunaye suka fara hawa.

Yaya ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wannan faifan yankakke ne?"

Ga ƙofa a buɗe, Auta ya gan ta sarai. Da ya ce e, da Yaya ya karɓa, don yana son ya karɓa.

"A'a, Yaya. Haka yake."

"Tun farko?"

"Tun farko."

Auta ya so a zage shi, ko a ɗaga masa sanda kamar da. Yaya bai yi ko ɗaya ba. Sunayen kawai yake kallo har suka ƙare.

"Na kira mutum maƙaryaci a gaban jama'a," ya ce a hankali. "Mutumin da ya ɗauki makarar matata." Ya miƙe. "Rufe shago. Gidan Direba za mu. Kai za ka yi sallama, kai za ka yi bayani, ni kuma in ba da haƙuri."

Auta ya jawo ƙofa ya sa kwaɗo. Suka kama hanya, Yaya a gaba yana ɗaga ƙafa sosai a kan kowane dutse, Auta a baya. Sun wuce gidan mai kafin Yaya ya yi magana, bai waiwayo ba.

"'Yan'uwan nan biyu. Sun rushe bangon?"

"Ba su rushe ba, Yaya. Ƙaramin ma sayar da nasa ɓangaren ya yi."

Yaya ya yi ƙwafa. Suka tsallaka titi.

"Mai gadi fa? Yaron..."

Auta ya buɗe baki.

"A'a, tsaya," in ji Yaya, ya ɗaga hannu. "Bar mini wannan tukuna."