Sallamar da Arzika Bai Yi wa Daji Ba

Arzika Tankari ɗan maharbi ne. An haife shi a wani ƙauye na ƙasar Tibiri, a zamanin da gada da barewa suka fara ƙaranci a Arewa. Kafin ya isa ɗaukar baka, gonakin gero sun cinye dajin da kakanninsa suka yi farauta a ciki. Abin da ya gada daga mahaifinsa shi ne ido mai karanta sawu, da wani ladabi da maharba ba sa wasa da shi. Mai shiga daji yakan tsaya a gindin itacen farko, ya zuba ɗan garin gero, ya gai da masu wurin. In zai fita kuma, sai ya juyo ya ce, "Mun fita, mun bar muku gidanku." Wanda ya fita bai faɗi haka ba, dajin yana ɗaukarsa a matsayin wanda ke ciki har yanzu, kuma ba zai daina nemansa ba.

Wannan idon ne ya samo masa aiki a babban gandun dajin gwamnati da ke kudu, kusa da kogin Kwara. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rakiyar baƙi. Lokacin sanyi ne kakar aikinsa, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ja baya, dabbobi suka taru a 'yan wuraren da ruwa ya rage. Ma'aikata daga Yamai, malaman makaranta, Turawa da hancinsu ya yi ja saboda ɗari, duk sukan hau bayan mota da sassafe a lulluɓe da barguna. Shi kuma yana zaune a gaba, idonsa a ƙasa. Da ya ɗaga hannu sai direba ya kashe inji. Can sai gwanki ya ratsa hanya, ko garken ɓauna su ɗago kai, tururi na fita daga hancinsu. In giwa ce ta fito, Arzika ba ya kallonta. Fuskar baƙon da bai taɓa ganin giwa ba yake kallo.

Shekarar da tsaro ya lalace, umarni ya zo wata safiya cewa kowa ya fita kafin azahar. Aka loda su a babbar mota tare da tukwane da katifu. Motar ta wuce tsohuwar kukar da ke bakin gandun a guje. Sai da suka hau kwalta Arzika ya tuna bai yi sallama ba. Ya bubbuga rufin motar har tafinsa ya kumbura, direba bai tsaya ba.

Ya koma ƙauyensu ya kama noma. Da damina lafiya lau yake. Amma da zarar an gama girbi, sanyi ya sauko, sai ya fara ganin sawu. Da rana tsaka, a tsakanin karan gero, yakan ga sawun giwa mai faɗin faifai, sabo, gefensa bai ko zube ba. Sai ya bi shi, ya manta da abinci, ya manta da hanyar gida. A sanyi na uku makiyaya ne suka tsince shi nesa da gari, ƙafafunsa sun tsattsage, jikinsa yana ɓari.

'Yarsa Rahina, ma'aikaciyar jinya a Dogon Dutsi, ta zo a fusace.

"Baba, so kake wata rana a kawo mini gawarka a kan amalanke?"

"Ɗiyata, ba ni ke zuwa ba. Kirana suke yi."

Ya gaya mata zancen sallamar. Rahina ba ta yarda da iskoki ba, amma ta yarda da abin da ta gani a ƙafafun mahaifinta. Ta ɗauki hutu, ta samo mota, ta ƙulla masa garin gero a tsumma da hannunta.

Suka bi ta Dosso, suka gangara kudu, har suka iske shinge a kan hanya, da sauran tafiya kafin gandun. Mai gadin shingen kuwa Marwa ne, tsohon direban da suka yi shekaru suna aiki tare da Arzika.

"Kai, tsohon biri! Ashe ba ka mutu ba?" in ji Marwa.

"Ina zan mutu in bar ka kana firgita dabbobin Allah da wannan muryar?"

Suka rungume juna. Da Rahina ta yi bayani, Marwa ya girgiza kai. "Ko ni ba na wuce nan. Amma daji bai san shingen gwamnati ba, Arzika. Ga itatuwansa can. Faɗa daga nan, zai ji."

Arzika ya matsa ya dafa ƙarfen shingen. Iska mai sanyi tana busowa daga kudu, ɗauke da ƙanshin ƙonanniyar ciyawa. Ya kwance tsumman. Kalmomin suna kan harshensa. Nan ne ya gane abin da zai biyo baya: in ya faɗe su, dajin zai sake shi. Zai koma gida ya tarar da gonar gero, gonar gero kawai, har ƙarshen ransa. Babu wanda ya san ranar da za a buɗe gandun, shi kuwa ya haura saba'in.

Sannan ya zuba garin a ƙasa, ya ce a hankali, "Salamu alaikum, masu gida. Ni ne."

"Baba!" Rahina ta kama hannun rigarsa. "Ba ita ce ba. Ta fita za ka yi!"

"Na sani, ɗiyata."

Ya juya ya shiga mota. Rahina ta bi shi, suka koma gida.

Tun daga shekarar, Rahina ba ta ɗaukar hutunta sai sanyi ya shigo. Takan rataya bargo da gorar ruwa ta bi bayansa cikin gonaki, shi yana gaba, idonsa a ƙasa. In ya ɗaga hannu takan tsaya, don kada ta ɓata masa rai. Ba ta taɓa ganin sawu ko ɗaya ba. Amma bara, wata safiya, ya ɗaga hannu, ta tsaya, sai ta ji karan gero suna karyewa ɗaya bayan ɗaya a gefen hagunta, a hankali, kamar ƙarƙashin wani abu mai nauyi. Ta waiwaya, ta ga mahaifinta ita yake kallo.