Ƙore biyun da Malam ya bari

Yau shekara tara ke nan da Allah ya yi wa maigidana rasuwa. Malam muke ce masa. Sana'arsa bandar kifi, yana sarowa a Gashuwa ya kai kasuwar Nguru. Bai yi boko ba, ni ma ajin yaƙi da jahilci na shiga da girmana, amma ban taɓa ganin mai bin diddigin bashin gwamnati kamarsa ba.

Ƙore biyu ya ajiye a gindin rediyo, ɗaya ta Najeriya, ɗaya ta Nijar, inda mahaifinsa ya fito. Duk ranar da labarai suka ce wata ƙasar ta ciyo bashi, sai ya jefa ƙwallon dabino ɗaya a tata. Idan na yi dariya ya ce, "Ke dai bari, jikokinmu ne za su biya, gara in san inda kayan ya fi nauyi." Shekarun da aka yafe wa ƙasashen biyu bashi mai yawa, ya kwashe ƙwallaye ya zubar bayan gida, ya sayo mana tsire. Ba a jima ba ƙoren suka fara taruwa kuma.

Da ya rasu, ni na ci gaba da jefawa. Ta Najeriya har ta yi tozo, ta Nijar ba ta kai rabi ba. Nakan zauna ina tunanin me zai ce da ya ga haka.

To, ga abin da ya taso. Ɗanmu Bukar yana so ya kwashe iyalinsa ya koma gonar kakansa a Nijar. Da damina ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ƙoren Baba sun riga sun yanke hukunci, ki sa mini albarka." Jikokina huɗu ne zai tafi da su.

Ƙanwarsa Falmata, wadda ke koyarwa a Gashuwa, tana wajen. Ta ce, "Yaya, kai ma dai! Ƙwallo ɗaya ga ƙaramin bashi, ƙwallo ɗaya ga babba? Wanda aka biya fa, wa ya cire? Kuma rediyonmu ai labarin Najeriya ya fi kawowa." Ta ce masu ilimin abin sukan auna bashin ƙasa da abin da take samu ne, su duba ko hawa yake ko sauka.

Da farko na ji zafi, kamar ta taɓa mahaifinta. Sai daga baya na tuna Malam a bakin kogi idan ana loda masa kifi. Ba ya ƙirga kwanduna. Tsugunawa yake ya dubi inda ruwa ya kai a jikin kwalekwale. Kwando goma ba komai ba ne a babban jirgi, amma sai su nutsar da ƙarami. Ashe ya san ma'aunin tun tuni, a ƙasashe ne bai gwada shi ba. Da yana raye, na tabbata zai tsare Falmata da tambaya har shayinsa ya huce.

Na ce wa Bukar ban san ƙasar da ruwa ya fi kusa da bakin jirginta ba, ƙoren nan ma ba su sani ba. Idan gona ce ke kiransa, ya je shi kaɗai ya yi noma ɗaya ya gani, yaran su tsaya wurina. Ya ce to.

Ƙwallayen na zubar da su a makon da muka yi wannan magana. Ƙoren kuwa na wanke na kife, don ba lissafin Malam ya bar mana ba, tambayarsa ce. Jiya jikata ta ji rediyo ya ambaci bashi, ta juyo ta ce, "Kaka, wa zai biya?" Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.