Injin Markaɗen Gwauruwa

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ajin baftisma a cocinmu na unguwar Romi kafin a turo mana sabon fasto. Karatuna bai wuce firamare ba, a masaƙa na ƙare ƙarfina, amma duk wanda aka tsoma a ruwa a ikilisiyar nan ta hannuna ya bi. Baba Malam ake ce mini.

Ya zo a shekarar da soja suka koma bariki. Sa'an ɗana na biyu ne, fitowarsa ke nan daga makarantar tauhidi. Dattawa suka ba shi ajina, suka haɗa masa da kula da gwauraye da duk wanda aka danne wa hakki. Ni kuwa aka ce in riƙa yi masa jagora, tunda gidajen unguwarmu ba su da lamba.

Ya kwashe ajin daga gindin mangwaro ya kai cikin coci, ya kafa allo. Ni hadda nake sa mutane, shi kuwa sai ya ce su yi tambaya. Kafin damina ta wuce benci ya kasa, har waɗanda na koyar tuntuni suka koma suna zama a baya. Wata Lahadi matata ta dawo tana cewa, "Yau dai na gane abin da ake nufi da alheri."

Na ce, "Shekara nawa ina faɗa miki?"

Ta ce, "Kai faɗa kake yi, Malam. Shi bayani yake yi."

Ranar ban ci tuwonta ba.

Ana nan sai wani ɗan ikilisiyarmu, direban bas, ya rasu ya bar mata da yara huɗu. Abin da suke ci da shi injin markaɗe ne a ƙofar gida. Da aka gama makoki, yayan mamacin da ke unguwar Television ya aiko cewa zai ɗauki injin ya kai ƙauye, kayan ƙaninsa ne. Matar ta kawo kuka wurin Fasto, shi kuma ya ce in raka shi.

Na san mutanen, ƙauyensu na maƙwabtaka da namu. A wurinmu ba a tarar babban wa a gidansa, gaban matansa da ƙannensa, a yi masa zancen gado. Wurin shugaban 'yan garinsu ake fara zuwa, shi ya kai maganar taron wata. Can a roƙa, a ce inji na yaya ne, amma a bar shi hannun matar yara su ci. Ya tsira da girmansa, ita ta tsira da abincinta. Sau biyu na yi haka zamanin tsohon fasto, duka an dace.

A cikin bas Fasto ya juyo ya ce, "Baba, akwai abin da ya kamata in sani kafin mu isa?"

Na ce, "Haba Fasto, ai ku ne masu karatu."

Muka tarar da mutumin a tsakar gida, iyalinsa kewaye da shi. Fasto ya gaisa da ladabi, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, sannan ya zaro takarda ya ce doka ta ba gwauruwa hakki, yanzu mulkin farar hula ne, kotu a buɗe take. Ƙannen suka kalli juna. Mutumin ya miƙe.

"Yaro, kai ka biya sadakinta? Ko kai ka haƙa kabarin ƙanena?" Ya juyo kaina. "Baba Malam, har da kai?"

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Gaskiyar da nake jin kunyar rubutawa ita ce, daɗi na ji. Na ce a raina, to, allo ya fitar da kai.

Kwana uku tsakani aka zo da a-kori-kura aka kwance injin.

Ranar Lahadi matar ta tare ni a bakin coci, ta durƙusa. "Baba Malam, na gode da ka taka ƙafarka saboda ni." Ta ce ta fara dako a kasuwar Sabon Tasha, babbar 'yarta kuma ta bar makaranta tana riƙe ƙanne. A taron dattawa na ranar Fasto ya tashi ya ce laifinsa ne, ya yi gaggawa. Bai ambaci sunana ba.

Mako biyu na yi ina yawo da abin. Da aka zo Jibin Ubangiji ana raba gurasa, na bar faranti ya wuce ni. Bayan sujada na same shi yana goge allo, na faɗa masa duka. Ya ƙarasa goge allon. Da ya juyo sai ya ce, "Baba, ka san gidan shugaban nasu?"

Muka je, ni a gaba. Tsohon ya saurare mu har ƙarshe, ya girgiza kai. "Da nan kuka fara, Malam, da ko ƙusa ba a cire ba. Kai ma ka sani." Ya aika ƙauye, aka ce an riga an sayar da injin.

Fasto ya ce saura mutum ɗaya da zan faɗa wa, kuma ba zai raka ni ba. Na sami matar a kasuwa ta sauke buhun masara, tana warware gammo. Na faɗa mata. Ta dube ni, ta dubi buhun, ta ce, "Allah ya gafarta mana." Ta ɗora kayanta ta wuce.

Daga baya zumuntar mata suka sama mata rumfa. Yarinyar ba ta koma makaranta ba. Har yau muna haɗuwa a coci, tana gaishe ni, sannu da zuwa, ina gajiya. Ba ta ƙara ce mini Baba Malam ba.