Giyabos ɗin Hanyar Kudu

Ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, mu kuwa a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Haka na tarar, haka na yi. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa ƙauyen Turawa, can ya girma yana ce mini Yaya kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Sai da mahaifinsa ya rasu, 'yan matan duk sun tafi ɗakunansu, sannan ya dawo Rogo Sabon Gari ya zauna a shagon ƙofar gida. Gida ya zama daga ni sai shi. In ina da magana, wanda ke kusa nake faɗa wa, ko maƙwabciya ko mai tallan nono: a gaya wa mai motar nan tuwo na hucewa. Yana tsaye yana ji. Shi ma sai ya ce a gaya wa Yaya yana zuwa.

Motar baƙa ce, mai dogon hanci, cikinta kusa da ƙasa kamar kadangare. Ta wani mai kuɗi ce a Kano, ta yi haɗari ya tsane ta, aka sayar da ita da arha. Injinta babba ne, in an tashe ta kajin unguwa har bisa katanga. Da ita yake ɗaukar mutane tsakanin Rogo da Karaye, ranar kasuwa ya leƙa Beli. Kowa ya san motar ta fi ƙarfin hanyar, kamar a ɗaura wa ingarman doki mangala. Ni dai abin da na sani, kafin magariba yana gida.

Wata shekara bayan an cire gyaɗa, lokacin da kayan gyara suka yi wuya a ƙasar nan, motar ta fara kuka in an sa mata giya, kamar ana niƙa tsakuwa. Rannan sai ga ta an jawo da igiya. Giyabos ya mutu, wato akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota, wanda sandar da direba ke turawa take shiga cikinsa. Aka nemi irin nata aka rasa.

Bakaniken da ya zo daga Karaye wani dattijon Babarbare ne, mai tsage a fuska da bakin da ba ya rufuwa. Ni Bafulatana ce, saboda haka tun daga sallama muka fara.

"Ina kwana, baiwata? An tashi lafiya, ya shanun da babu?"

"Lafiya lau, bawa. Wa ya kwance ka da sassafe?"

Suka haƙa rami a gindin darbejiyar ƙofar gida, suka turo motar a kai. Ni kuma na fito da kwandon gyaɗata zaure ina ɓara. Tsohuwa ce ni, na daɗe da fita takaba, ba mai hana ni zama a zaure. Ban saba barin a yi aiki a ƙofar gidana ban gani ba.

Giyabos biyu suka sauke daga bayan akori-kura. Ɗaya gajere, ɗaya dogo. Na ga bakaniken ya dafa gajeren yana magana, mai motar kuwa idonsa na kan dogon. Da mai motar ya tafi kiran mai walda, na ce wa Babarbaren, me ya sa biyu, mota ɗaya?

"Wannan gajeren giya huɗu gare shi, kamar wanda ya mutu. Ɗan gyara kaɗan ya zauna. Wannan dogon na wata mota ne daban, biyar gare shi."

"To ta biyar ɗin ta mece ce?"

Ya dube ni, ya bar wasan. "Ta kwalta ce, Inna. Daga nan zuwa Beli ko ta uku ba ya gamawa rami ya tare shi. Ta biyar sai doguwar hanya, inda mota za ta miƙe ta yi ta tafiya ba ta shan mai. Masu kai 'yan kasuwa Kudu ita suke nema."

Na ci gaba da ɓarar gyaɗa. Dama na ji ƙishin-ƙishin wasu 'yan Kano masu saro kaya a Legas sun yaba gudun motar.

Dogon suka ɗauka. Bai shiga da daɗin rai ba. Bakinsa bai dace da injin ba, sai da aka yanko farantin ƙarfe aka huda masa ramuka, aka sa a tsakani. Farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi ƙafafun baya, ta yi tsawo, mai walda ya yanke ta ya sake haɗawa, bakaniken yana mirgina ta a kan benci yana kanne ido ɗaya ko ta karkace. Sandar giya ta ƙi fitowa ta tsohon raminta, suka fasa cikin motar da kurfi da guduma suka yi mata sabo. Kowane bugu ina jin sa a haƙorina. Na lura duk abin da suke yi yanka ne, ba ɗaurawa ba. Abin da aka yanke kuwa ba ya komawa yadda yake.

Da azahar na kai musu fura na ajiye. Na ce wa bakaniken, "A tambayi mai motar nan, wanda ya mutu ɗin laifin me huɗunsa suka yi masa?"

Mai motar yana cikin rami, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya ce, "A gaya wa Yaya mai biyar ya fi ƙarko."

"Ƙarko ko nisa?"

Babarbaren ya tuntsire da dariya. "Kai, Fulani! Ga ki ga shi, ni kuka mayar gidan waya? Sai an biya ni kuɗin kan sarki."

"Sha furarka, bawa ba ya tsoma baki a maganar iyayen gijinsa."

Aka yi dariya, maganar ta bi iska. Da ma a ce ba a yi dariyar ba.

Ranar da suka gama, suka fita gwaji wajen hanyar Karaye. Da na saba gane shi tun daga gangaren rafi, domin a nan tsohon giyabos yake wani gurnani kafin ya hau tudu. Ran nan har suka tsaya a ƙofar gida ban san su ba ne. Na ɗauka baƙi ne, har na jawo mayafi.

Bakaniken yana haɗa sifanunsa yana ja wa mai motar kunne. "Ka kula, ribas ɗin wannan, giyar baya, ba inda ka saba yake ba. Inda hannunka ya saba zuwa, yanzu giyar gaba ce. Sai ka danna sandar ƙasa ka kai ta can gefe." Sannan ya juyo gare ni. "Baiwata, na tafi. In akwai sauran saƙo ki ba ni yanzu, gobe babu ni."

Mai motar yana tsugune a bakin zaure, kansa a ƙasa. Ya ce, "A gaya wa Yaya mutanen Kano sun ce in zo jibi. Amma in ba ta so, gajeren yana nan, ba a mayar ba."

Maƙwabta biyu na tsaye, mai walda na tsaye. A gabansu zan ce ina son ɗan fari kusa da ni? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Na ce, "A gaya masa wanda ya yanke ƙarfe ya gama shawara."

Ranar tafiyar, da hantsi, ya sa jakarsa a baya ya tashi motar. Ina tsakar gida na ji ƙara, sai ga hancin motar ya shigo ta dangar karan da ke gefen zaure. Hannunsa ya je inda ya saba. Ya fito yana salati. Danga ta kwanta, tulu ɗaya ya fashe.

Abin da mutum zai tayar ya tokare da itace ya kama hanya, sai ya tuɓe riga. Ya ciro karan ɗaya bayan ɗaya. Ya sake haƙa ramin kowace dirka. Ya je gonar bayan gidan ya yanko sabuwar rama, ya jiƙa ta, ya zauna yana murzawa, alhali ga tsohuwar igiyar nan ba abin da ya same ta. Na san abin da yake yi. Lokaci yake ba ni.

Na duba ƙofa. Ranar kasuwar Rogo ce, unguwa ta watse, maƙwabciyata ta tafi, mai nono ba ta biyo ba. Ko akuya babu a tsakar gidan da zan dubi wajenta in yi magana. Daga ni sai shi sai danga. Na shiga ɗaki na fito. Na share inda na riga na share. Na kwashe fasassun tulun. Sau ɗaya na buɗe baki, sai na ji ban san da me ake farawa ba, tunda abin da ake fara kiran mutum da shi ban taɓa faɗa ba.

Rana ta take tsaka ya ɗaure igiyar ƙarshe. Ya girgiza dangar, ta tsaya. Ya wanke hannu, ya sa riga, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan.

"Yaya, zan tafi."

Na dubi dangar na ce, "Allah ya tsare hanya. Allah ya yi albarka."

Ya ɗan jima a tsugune. Sannan ya tashi. Wannan karon ya danna sandar ƙasa ya kai ta gefe, motar ta ja da baya sumul.

Daga nan sai Sallah zuwa Sallah. Ya yi aure a Kano, ya yi gida a can, bai taɓa barina da yunwa ba. Da yamma ranar da ya tafi maƙwabciyata ta dawo daga kasuwa, ta leƙo ta ce, "Inna, yau ba saƙon da za a faɗa wa mai mota?"

Na ce mata babu, ta shiga gida ta huta.